Yadda ake shirya yawon kwana goma daga Cairns: daji, kurmi da tudun murjani

Arewacin jihar Queensland ta ƙasar Ostiraliya na cikin wurare ƙalilan a duniya da mutum zai karya kumallo a busasshen daji mai suri da jar ƙasa, la'asar ta same shi a kurmin da rana ba ta isa ƙasa, washegari kuma ya leƙa ƙarƙashin teku ya ga murjani da ransa. Garin Cairns ne mashiga. Na sha bin wannan hanya, ni kaɗai da kuma tare da baƙi, kuma abin da ke raba wanda ya ga dabbobi da wanda ya ga kwalta kawai bai wuce guda ba: inda ka kwana. Yawancin dabbobin nan da asuba da magariba suke fita. Wanda ya kwana kusa da su shi ke ganinsu. Wanda kuwa yake fitowa daga otal a birni ƙarfe tara ya koma ƙarfe biyar, kuɗinsa ne kawai ke yawo. Tsarin da ke ƙasa na kwana goma ne, an gina shi a kan wannan.

Takardu da kayan da za ka tanada

Fara da biza. Ɗan Najeriya, Nijar, Gana ko Kamaru bizar baƙo mai lamba 600 yake nema, ta intanet, a shafin ma'aikatar cikin gida ta Ostiraliya. Ka nema da watanni kafin tafiya, kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai ta fito. Sai katin rigakafin shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa: duk wanda ya kwana a ƙasar da ake samun cutar cikin kwana 6 kafin isowarsa, ana tambayarsa. Sai inshorar tafiya da ta haɗa da asibiti da shiga teku, domin jinya a can tana da tsada ƙwarai ga baƙo. Idan za ka tuƙa mota, riƙe lasinka tare da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Wanda lasinsa da Faransanci yake, wannan ko fassarar Turanci da aka amince da ita ya zame masa dole.

Tufafi: dogayen wanduna marasa nauyi, riguna masu dogon hannu, safa mai kauri, takalmi rufaffe wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, malafa, rigar ruwan sama, da rigar sanyi guda mai kyau. Mutane na raina rigar sanyi saboda sun ji an ce ƙasar zafi ce, sai dare ya riske su a kan tudu a watan Yuli su rasa barci.

Kayan kallo: tabarau mai hangen nesa ya fi kyamara amfani a wannan tafiya. In kuɗi bai kai na biyun ba, saye shi, ka ɗauki hoto da waya. Sai tocila mai ƙarfi da ta ɗaurawa a goshi, jakar leda mai zif don waya, na'urar ajiye caji, da kan soket irin nasu mai baki uku, biyu a karkace.

Magani: man kariya daga rana mai lamba 50, man korar sauro, ƙwayar hana amai a jirgin ruwa, filasta, da bandeji mai faɗi mai talewa guda biyu saboda saran maciji. Baƙar fata ba ta hana ƙunar ranar can, musamman a keya da bayan ƙafa lokacin iyo. Ƙara buta da jarkar ruwa ta lita goma a mota. Zan faɗi dalilin butar idan mun kai bakin kogi.

Abin da ba za ka ɗauka ba shi ma yana da muhimmanci. Ostiraliya ba ta wasa da abinci, iri, itace, fata ko ƙasa da ke shigowa daga waje. Kilishi da dambun nama ka bar su a gida. Yaji, daddawa, kuka, goro, zuma, in ka ɗauko, ka bayyana su a katin da ake cikewa a jirgi. In ka bayyana, iyakaci a karɓe abin da bai halatta ba. In ka ɓoye kare ya shinshino, akwai tara mai nauyi, har biza ana sokewa. Takalmi ma ka wanke ƙasansa tas.

1. Zaɓi lokaci

Yanayinsu kishiyar namu ne. Rani daga Mayu zuwa Oktoba, damina daga Disamba zuwa Afrilu, guguwar teku kuma tana iya zuwa tsakanin Nuwamba da Afrilu. A Disamban 2023 guguwar Jasper ta zubar da ruwan da ya zabtare hanyoyin kurmin Daintree da ke arewa da Cairns. Ga mai zuwa na farko, ni Agusta zuwa farkon Oktoba nake zaɓa: hanyoyi a bushe, sanyin dare ya ragu, iskar teku ta fara lafawa. Yuni da Yuli ma suna da kyau, sai dai iska kan yi ƙarfi kuma hutun 'yan makaranta na cika masauki. Idan damina kaɗai hutunka ya faɗo, tafiyar na yiwuwa, kurmi ma ya fi kyau a lokacin, amma ka rage zuwa daji mai nisa, ka ƙara kwana biyu na ko-ta-kwana.

2. Kwana na farko: Cairns

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma. Za ka sauya sau biyu ko uku, ka shigo ta Brisbane, Sydney ko Singafo. Agogon Queensland yana gaban na Kano da Yamai da awa 9, don haka ranar isowa kada ka taɓa sitiyari. Yi barci, ka fita da yamma bakin teku inda ake kira Esplanade, ka gwada tabaraunka a kan tsuntsayen da ke kiwo a laka. Sayi layin waya, na Telstra ya fi kamawa a ƙauyuka, ka sauke taswira a waya yadda za ta yi aiki ba intanet. Lambar gaggawa 000 ce. Akwai masallaci a garin, ana kuma samun naman halal, wanda zai yi wuya bayan ka bar nan. Alƙibla tana yamma, ta ɗan karkata arewa.

3. Mota

A hagu ake tuƙi, sitiyari yana dama. Wurin da baƙo ke rikicewa shi ne fitowa daga gidan mai da shiga shataletale, sai ka sa na kusa da kai ya riƙa tuna maka. Ƙaramar mota ta isa duk hanyar da zan kwatanta. Karanta takardar haya da kyau: yawancinsu sun hana bin hanyar da ba kwalta, wasu kuma inshorarsu ba ta biya idan ka buge dabba da dare. Dokar da nake bi ita ce, a wajen gari ba na tuƙi daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Kangaru yakan faɗo titi ba sallama, kuma in guda ya tsallaka, rage gudu, na biyu yana tafe.

Wanda ba ya tuƙi kada ya fasa. Akwai kamfanoni masu ɗaukar mutane kaɗan a ƙaramar bas na kwana uku zuwa biyar tare da ɗan jagora. Tambaye su abu biyu: mutum nawa ne a mota, kuma akwai fitar asuba da ta dare? In sun ce babu, nemi wasu.

4. Kwana na biyu da na uku: tudun Atherton

Daga kudancin Cairns ka hau hanyar Gillies, mai lanƙwasa fiye da 260 cikin kilomita 19. Mai jiri ya zauna gaba. Ka sauka a ƙauyen Yungaburra kwana biyu.

Abin da ya kawo ka nan shi ne platypus, dabbar ruwa mai baki irin na agwagwa da jiki mai gashi, tana yin ƙwai kuma tana shayarwa. Tana rafin Peterson a gefen ƙauyen. Je tun gari bai gama wayewa ba, ko awa guda kafin magariba. Tsaya wuri guda, ka yi shiru, ka kalli fuskar ruwa inda ya kwanta. Za ka fara ganin 'yan kumfa suna tasowa a jere, sai zobe-zoben ruwa suna buɗewa. A tsakiyarsu za ta ɓullo, ƙarama fiye da yadda kake zato, ba ta kai tsawon kamu guda ba, bayanta kaɗai da bakinta a waje, tana tauna abin da ta kwaso daga ƙasa. Bayan 'yan daƙiƙu sai ta lanƙwasa baya ta nutse. A lokacin da take ƙasa ne za ka matsa kusa, domin idonta da kunnenta a rufe suke cikin ruwa. Da ta taso, ka daskare. Kuskuren da aka fi yi shi ne sintiri a bakin rafin ana hira. Ba ta minti arba'in kafin ka ce babu.

Da rana ka zaga tafkin Eacham, kilomita 3, ko na Barrine, kilomita 5. Dukansu bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cika. A Barrine akwai itatuwa biyu na wani iri da ake kira kauri, da aka ƙiyasta sun kai shekara 1,000. Kalli ƙasa ma, akwai ɗan mitsitsin dangin kangaru mai kalar ƙasa da ke tonon ganye da rana. Ka biya ta itacen ɓauren da ake kira Curtain Fig, wanda saiwoyinsa suka zubo daga sama mita 15. A kurmin da ke kewayensa da na Malanda ake samun kangaru mai hawa itace. Kada ka nemi jikinsa, nemi doguwar jela baƙa tana lilo daga reshe.

Dare guda ka biya ɗan jagora ya fita da kai. Ana riƙe tocila a daidai ido, a bi rassa a hankali, har ka ga ɗigo biyu suna ƙyalli. Da ka gano dabbar, kawar da tsakiyar hasken daga fuskarta. In ba jagora, yi hakan a bakin masaukinka kawai, kada ka kutsa kurmi da dare.

Yankin na manoma ne. Za ka ga rumfuna a bakin hanya da ayaba, gwanda da fiya, ba mai tsaro, sai akwatin saka kuɗi. Riƙe canji, ka cika kular abincinka.

5. Kwana na huɗu da na biyar: daji

Bi ta Ravenshoe da Mount Garnet zuwa Undara, tafiyar kusan awa uku. Cikin ɗan lokaci kore zai ƙare, sai dogayen itatuwan turare, busasshiyar ciyawa da suri ko'ina. Wanda ya san hanyar Bauchi zuwa Yankari a watan Janairu zai ji kamar ya dawo gida. Sha mai duk inda ka ga gidan mai, ko tanki bai sauka ba. Idan ka hango tirela mai jan bodi uku, ka rage gudu ka ba ta hanya, inda kwalta ta ƙuntata ma ka sauka gefe ka tsaya.

A Undara akwai koguna na ƙarƙashin ƙasa da narkakken dutse ya bari kimanin shekara 190,000 da suka wuce. Samansa ya huce ya daskare, na ciki ya ci gaba da malala har ya tsiyaye, ya bar rami dogo mai faɗi. Wani reshen malalar ya yi tafiyar kilomita 160. Ba a shiga sai da jagora, don haka kama gurbi tun kafin ka taso. Inda rufin kogon ya rufta, ƙaramin kurmi ya tsiro a ciki, tsakiyar busasshen daji. Ka shiga fitar magariba ma: kangaru da ƙannensu walabi suna fitowa kiwo, baƙaƙen aku masu jan bindi suna komawa makwanci, jemagu kuma suna bulbulowa daga bakin kogo.

A daji ƙishirwa ta fi kowace dabba haɗari. Lita uku zuwa huɗu ga kowane mutum a rana, tafiyar ƙafa kuma kafin ƙarfe goma ko bayan la'asar. Faɗa wa masu masauki inda ka nufa. Mota in ta lalace, zauna kusa da ita. Maciji in ka gani, tsaya, ka bar shi ya wuce. In ya sari wani, abin da muka saba yi a gida duk a ajiye shi: ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya da igiya, ba wankewa. Naɗe gaɓar da bandeji da ƙarfi tun daga yatsu har sama, a ɗaura mata sanda kada ta motsa, mutum ya kwanta, a kira 000.

Wanda kwanakinsa suka gaza, ya bar Undara ya tsaya Mareeba. A Granite Gorge da ke kusa akwai ƙananan walabi masu zama a kan duwatsu, ana ganinsu a kusa sosai. Ko ka je Undara, a Mareeba za ka kwana a dawowa. Garin yana da masallacin da Musulmi 'yan asalin Albaniya, waɗanda noma ya kawo su yankin, suka buɗe a 1970. In za ka iya, daidaita kwanakinka Juma'a ta same ka a nan.

6. Kwana na shida zuwa na takwas: Daintree

Daga Mareeba ka bi ta Mount Molloy da Julatten ka gangara Mossman. Tsaya a Mossman Gorge, inda ake ajiye mota a cibiyar baƙi a shiga bas. Ƙasar mutanen Kuku Yalanji ce, kuma a 2021 gwamnatin jihar ta mayar musu da mallakar gandun Daintree. Suna da zagayen da suke jagoranta da kansu, suna nuna itacen magani, da na abinci, da wanda sai an jiƙa shi kwanaki kafin dafinsa ya fita. Kuɗin da ka biya a nan ba asara ba ne, domin bayan shi za ka daina ganin kurmin a matsayin kore kawai. Ruwan wurin garai-garai yake, amma yana cika farat ɗaya idan an yi ruwa a kan dutse, kuma ya ci mutane. Bi abin da allon ranar ya ce.

Kwana a ƙauyen Daintree, ka shiga ƙaramin jirgin asuba a kogi. Tambayi lokacin janyewar teku, domin a watannin sanyi kada na fitowa shan hantsi a kan laka idan ruwa ya ja baya. Zaɓi jirgi ƙarami mai tafiya a hankali.

Yanzu maganar kada, kuma ina roƙonka ka karanta ta sau biyu. Kadan wannan yanki yana rayuwa a kogi, a fadama, a bakin teku, har cikin tekun. Namiji kan kai mita 5. Yana iya kwanciya a ruwan da bai kai gwiwa ba, ba ka ganinsa. Ka nisanci bakin ruwa da aƙalla mita 5. Kada ka tsuguna wanke hannu, kwano ko kifi. Kada ka yi alwala a bakin kogi ko bakin teku, komai kyan ruwan, komai ƙurewar lokaci. Amfanin buta da jarka ke nan. Mai kafa tanti ya yi nesa da ruwa mita 50. Rashin allon gargaɗi ba ya nufin babu kada. In kana son wanka, tambayi mutanen wurin ramin ruwan da suka amince da shi, ko ka yi a kwamin otal.

Daga nan sai fito. Jirgin fiton yana ɗaukar motoci, waya ce ke jansa, minti kaɗan ya tsallaka, sai dai layi kan yi tsawo daga hantsi zuwa azahar. Tsallaka da sassafe. A hayin, yawancin gidaje da hasken rana da janareta suke aiki, waya tana kamawa jefi-jefi, mai da abinci sun fi tsada. Kwalta ta ƙare a Cape Tribulation, kimanin kilomita 140 daga Cairns, inda jirgin ruwan James Cook, Baturen Ingila mai binciken teku, ya daki murjani a tekun da ke gaba a 1770. Hanyar Bloomfield da ta wuce nan ba ta motar haya ba ce.

Gadojin katako uku sun ishe ka: Jindalba, Madja (wadda a da ake kira Marrdja) da Dubuji. Kowace ba ta da tsawo, amma ka ba ta awa biyu. Taka goma, tsaya, duba jikin itatuwa masu kaurin hannu a daidai ƙirjinka. A nan wani ƙadangare mai ƙaya a wuya yake maƙalewa a tsaye, ba ya motsi, har sai ka kusa taɓa shi. Wannan kurmi na cikin yankin da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 1988, kuma yana da itatuwan da danginsu suka daɗe da ƙarewa a sauran duniya.

Babban baƙon da kowa ke fata shi ne kasowari, tsuntsu mara tashi mai kusan tsayin mutum. Gashinsa baƙi ne siriri, wuyansa shuɗi, da jan leɓe biyu suna reto, da ƙaho a ka. Alamarsa a hanya ita ce tulin kashi cike da ƙwallayen 'ya'yan itace. In ɗanye ne, yana kusa. Shi ke shuka kurmin, domin wasu manyan ƙwallaye ba mai haɗiye su ya kai nesa sai shi. Namiji ne ke kwanci kusan kwana 50, shi ke kiwon 'ya'ya masu zane-zane, kuma a lokacin ya fi faɗa. Yana da farce a yatsan ciki mai kai santimita 12. In kun haɗu, kada ka gudu, kada ka juya baya. Ja da baya a hankali, ka sa itace ko jakarka a tsakani. Ba shi abinci laifi ne a doka, kuma shi ke jawo su titi inda mota ke kashe su. Abin yana ci mini rai in ga baƙo ya miƙa ayaba ta taga don hoto. Tsuntsun da ya koyi bin mota ba ya daɗewa.

Tsiro biyu ka haddace. Na farko gympie-gympie, mai faffaɗan ganye siffar zuciya, bakinsa zarto-zarto, da gashi mai laushi. Yana son gefen hanya inda haske ke shiga. Taɓa shi yana jawo zafin da kan yi makonni. Kada a murza wurin, a manna filasta a ɗaye don cire gashin, a tafi asibiti. Na biyu wata kara ce mai rarrafe da dogayen igiyoyi masu ƙugiya. In ta kama rigarka, tsaya, koma baya, ka cire a hankali. Matsattsaku kuwa abin ƙyama ne kawai. Cusa wando cikin safa, in ya kama ka ture bakinsa da farce, jinin zai tsaya da kansa. Kowane dare ka duba jiki saboda kaska.

7. Kwana na tara: teku

Dawo Port Douglas ka kwana. Great Barrier Reef jerin tuddan murjani ne kusan 2,900 da suka miƙe kilomita 2,300, ya shiga jerin UNESCO a 1981. Wannan ce rana mafi tsada a tafiyar, kada ka zaɓi jirgi don arha kawai. Tuddan waje, kamar Agincourt, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce, ruwansu ya fi haske. Duba hasashen iska na hukumar yanayi kwana uku kafin nan. Ƙasa da not 15 (not shi ne ma'aunin gudun iska a teku) teku lafiya, sama da 20 za a sha jijjiga. Shi ya sa na bar kwana na goma a sake, don a iya ɗaga ranar.

Wanda bai iya iyo ba, ko yana tare da yara da tsofaffi, ya zaɓi jirgin da ke zuwa dandamalin da aka kafa a teku, inda akwai jirgi mai gilashi a gindi da ɗakin kallo a ƙarƙashin ruwa. Ko ya je tsibiri: Low Isles daga Port Douglas, ko Green da Fitzroy, minti 45 daga Cairns.

Sha ƙwayar amai tun kana tudu, rabin awa ko awa guda kafin tashi. Bayan ciki ya juya ba ta da amfani. Zauna baya a waje, ka kalli inda sama ta haɗu da ruwa. A takardar da za su ba ka, faɗi gaskiya game da asma, hawan jini, ciwon zuciya da iya iyonka. Kunya a nan tana kisa. In ka ce ba ka iya ba, za su sa maka rigar da ke hana nutsewa, ma'aikaci ya ja ka da taya kana riƙe.

Karɓi rigar nan mai rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, ko da wane wata ne. Tana tare rana, tana suturta mace da namiji, kuma daga Nuwamba zuwa Mayu tana kare ka daga jelifish, wasu halittun teku masu taushin jiki da zaruruwa masu dafi. Babba daga cikinsu ya fi yawa a bakin gaɓa. Ƙaramin, Irukandji, bai fi farce ba, harbinsa ba ya zafi da farko, sai bayan kusan rabin awa ciwon baya, zufa da amai su taso. Duk wanda ya ji haka ya faɗa nan take. Taimakon farko shi ne a kwarara binega, wato ruwan khal, a wurin na aƙalla daƙiƙa 30, kada a murza, a kira agaji.

Gwada gilashin fuska kafin ka shiga: manna shi ba tare da igiya ba, ja numfashi ta hanci. In ya tsaya, ya dace. Mai gashin baki ya shafa ɗan basilin a kansa, in ba haka ba ruwa zai riƙa shiga. Ciji bututun shaƙar iska a hankali, ka kwanta rubda ciki kusa da jirgi, ka yi numfashi goma a natse kafin ka matsa. Hannu a naɗe, ƙafa kaɗai ke aiki. Ku kasance biyu-biyu, kuma kowane minti kaɗan ka ɗaga kai ka ga inda jirgi yake, domin ruwa na ja.

Kada ka zaci launin da ke hotunan talla, da fitila ake ɗaukarsu. Lafiyayyen murjani yawanci ruwan ƙasa ne da kore-kore, da shuɗi da ruwan hoda nan da can. Murjani dabba ne, ƙananan halittu da ke gina gidan dutse, da wani gansakuka a jikinsu mai ba su abinci da launi. Idan ruwa ya yi zafi da yawa sai su kore shi, su yi fari fat, in zafin ya daɗe su mutu. Hakan ya faru a faɗin tudun a 1998, 2002, 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Za ka ga wuraren da suka mutu da waɗanda suka farfaɗo. Kada ka taka, kada ka dafa, ko da ka gaji. Juya rigingine ka ɗaga hannu, za a zo.

Tsaya a kan tudu guda minti biyar ba motsi, ka kasa kunne. Ƙaras-ƙaras ɗin da kake ji kifi ne mai baki irin na aku yana gatsar dutse, farin yashin da yake fitarwa kuma yana cikin yashin tsibiran. Ƙatuwar kumba mai leɓe shuɗi za ta tsuke idan inuwarka ta gifta. Kunkurun teku in ya taso shan iska, ba shi hanya, kada ka bi shi ta sama. Ƙananan kifayen shak masu fari a bakin fiffike ba ruwansu da kai. Katantanwa mai siffar mazurari kuwa, komai kyan zanenta, kada ka ɗauka, harbinta na iya kisa. Kafin jirgi ya tashi ana ƙirga mutane, zauna inda kake har a gama.

8. Kwana na goma

In ka yi nutso da tulun iska, ko na gwaji ne, ka bar awa 24 kafin ka hau jirgin sama, kuma kada ka hau tudun Atherton a wannan tsakanin, domin tsayinsa ya isa ya jawo matsala a jini. Dalilin da ya sa na sa tudu a farkon tafiya ke nan. Wanda ya yi iyo a sama da bututu kawai, wannan bai shafe shi ba.

Hanyar Port Douglas zuwa Cairns kusan awa guda ce a gefen teku. Cika tanki kafin ka mayar da mota, ka ɗauki hotonta ta kowane gefe. Zazzage jaka ka tabbata yara ba su cusa guntun murjani, kumba ko iri ba, domin ɗaukar murjani daga gandun haramun ne a doka. In zazzaɓi ya kama ka a kowane mataki na tafiyar, gaya wa likita ƙasar da ka fito, ka nemi a yi maka gwajin maleriya, domin cutar ba ta yaɗuwa a can kuma ba lallai ta fara zuwa masa a rai ba.